Jinyar iyaye kafin fitowar sakamakon gwajin cutar daji

Kwanakin da ke tsakanin ranar da likita ya ce yana zargin cutar daji, da ranar da sakamakon gwaji zai fito, suna daga cikin mafiya tsanani ga mai jinyar uwa ko uba.

Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane kimanin dubu 128 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Akasarin marasa lafiyar ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa.

Dalilin jira

Hoton ciki ko na ƙirji yana nuna ƙari, amma ba ya tabbatar da irinsa. Sai an yanki ɗan ƙaramin nama daga wurin an duba shi a ɗakin gwaji, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Wasu cututtuka, kamar tarin fuka, sukan yi kama da daji a hoto, shi ya sa likitoci ba sa fara magani da ka.

Ana yin wannan gwaji a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Abin da iyali za su yi

Ba sai an jira sakamako ba kafin a rage wa majinyaci raɗaɗi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku, daga farasitamol zuwa kodin, sannan mofin, duk bisa umurnin likita. Magunguna irin su asfirin suna iya haddasa zubar jini lokacin yankar naman, don haka a sanar da likita duk abin da majinyaci ke sha, har da na gargajiya.

Idan ya daina sha'awar abinci, a riƙa ba shi kunu ko romo kaɗan-kaɗan, ba tare da tilastawa ba. Wanda ke kwance kuwa, a riƙa juya shi bayan kowace awa 2 don kada jikinsa ya yi gyambo.

Yana da kyau mutum ɗaya ya riƙe takardun asibiti, ya kuma riƙa magana da likitoci, sauran 'yan uwa su karɓi jinya bi da bi.

Alamun gaggawa

A garzaya asibiti idan ƙafafu suka mutu ko fitsari ya ƙi fita, domin mai yiwuwa ƙarin ya danne laka. Haka ma idan numfashi ya yi wuya, ko hankali ya gushe, ko aka ga jini ko aman da ya ƙi tsayawa.

Faɗa ko ɓoyewa

'Ya'ya da dama sukan ɓoye wa iyaye abin da likita ya ce saboda tausayi. Sai dai lafiyar ta majinyaci ce, kuma shi ke da haƙƙin amincewa da magani. Abin da ya fi shi ne a tambaye shi iya abin da yake son sani. Dattijon da ya san halin da yake ciki yakan samu damar biyan bashi da barin wasiyya tun yana cikin hayyacinsa.