Yaushe Masana Halayyar Ɗan Adam Suka Shiga Shari'ar Riƙon 'Ya'ya?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce ya ji wai a ƙasashen Turawa in aure ya mutu aka shiga rigimar wanda zai riƙe yara, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya kira wani masani ya duba halin uwa da uba da ɗan. Shi ne yake son sanin yaushe aka fara haka, kuma shin maganar masanin ce hukunci?

To Malam, abin ya samo asali ne daga nesa, don haka sai ka gyara zama.

A Ingila ta da, babu ma abin da za a kira masani a kai. Doka ta ce 'ya'yan aure na uba ne, uwa ba ta da ta cewa ko da jariri ne a bayanta. Wata marubuciya, Caroline Norton, ita ta fara girgiza wannan doka. A 1836 mijinta George ya kwashe 'ya'yansu uku maza ya hana ta ganinsu, sannan ya kai ƙarar firayim ministan lokacin, Lord Melbourne, wai yana neman matarsa. Kotu ta yi watsi da ƙarar, amma yaran ba su dawo ba. Sai matar nan ta ɗauki alƙalami, ta yi ta rubutu tana bin 'yan majalisa, har a 1839 aka yi dokar da ta ba uwa damar roƙon kotu ta ba ta 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara 7, muddin ba a same ta da laifin zina ba. Abin tausayi, ita dokar ba ta yi mata rana ba, domin mijin ya kai yaran Sikotilan inda dokar ba ta aiki. A 1842 autansu William ya faɗo daga doki, kafin uwar ta iso ya cika.

Mu da muka san hukuncin reno a mazhabar Malikiyya, inda uwa ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji, sai mu ga abin da mamaki.

A 1925 majalisar Ingila ta sake doka, ta ce abin da kotu za ta sa a gaba shi ne maslahar yaron, ba haƙƙin uba ko na uwa ba. To nan fa ake yin ta. Wa ya san maslahar yaro? Alƙali doka ya karanta, bai karanta zuciyar ɗan shekara 5 ba. Wannan giɓi shi ne ƙofar da masana suka shigo ta ciki.

Yaƙin duniya na biyu ya bar marayu da yaran da aka raba da iyayensu barkatai a Turai. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951, inda ya nuna ƙaramin yaro na bukatar mutum guda tsayayye da zai shaƙu da shi, in aka yi ta cira shi daga hannu zuwa hannu sai abin ya bar masa tabo. Manomi ya san wannan: dashen da ake yawan tumɓukewa ba ya kama ƙasa.

Shari'ar da ta fi nuna ƙarfin maganar masani, da kuma haɗarinta, an yi ta ne a jihar Ayowa ta Amurka. Wani mutum, Harold Painter, matarsa da 'yarsa suka rasu a haɗarin mota a ƙarshen 1962. Ya rasa yadda zai yi da ɗansa Mark, sai a 1963 ya kai shi gonar surukansa, wato kakannin yaron na wajen uwa, iyalin Bannister, a kan su riƙa masa kafin ya farfaɗo. Da ya sake aure a 1964 ya zo ɗaukar ɗansa, tsofaffin suka ce atafau. Aka tafi kotu.

Kakannin suka kawo wani malamin jami'a masanin halayyar yara. Ya zauna da yaron da tsofaffin, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce a zuciyar Mark kakan nan ya riga ya zama uba, raba su zai iya lalata yaron. Amma fa ka lura, mutumin nan bai binciki uban ba. Alƙalin farko bai ba maganarsa nauyi ba, ya ba Painter ɗansa. Da aka ɗaukaka ƙara, a 1966 babbar kotun jihar ta juya hukuncin, ta jingina da shaidar masanin, ta kuma haɗa da cewa uban mai yawan canjin aiki ne, ba ruwansa da coci, gidansa a Kalifoniya ba tsari, alhali gidan kakanni akwai natsuwa. Kotun ba ta ce ya gaza a matsayin uba ba. A ganinmu, rabin labari aka saurara aka yanke hukunci. A 1968 yaron ya je hutu wurin ubansa ya ce ba zai koma ba, wata kotu a Kalifoniya ta bar shi a can, tsofaffin kuma ba su ja ba.

A 1973 Anna Freud da abokan aikinta biyu, Joseph Goldstein da Albert Solnit, suka fitar da littafin da ya yaɗa wannan ra'ayi, cewa uban da yaro ya sani shi ne wanda ke ci da shi, yana rarrashinsa kullum, ko da ba shi ya haife shi ba. Lokacin kuwa saki ya yawaita a Amurka, sai kasuwar masana ta buɗe. Kowane ɓangare ya ɗauko nasa ya biya shi, ka ga masana biyu a gaban alƙali ɗaya kowa na yabon wanda ya kawo shi. A 1985 wani likita, Richard Gardner, ya fito da wata cuta da ya ce takan kama yaron da aka zuga ya tsani ɗaya daga iyayensa. Lauyoyi suka rungume ta, har akan yi amfani da ita a ƙaryata uwar da ta ce ana cutar ɗanta. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta shigar da ita littafinta na cututtuka ba.

Ganin haka, a 1994 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'idoji. Kada masani ya faɗi halin mutumin da bai bincika da kansa ba, wanda shi ne kuskuren Ayowa. Kada wanda ke yi wa iyali magani ya koma mai yi musu bincike. Kuma kada ya dogara da hanya guda: ya gana da uwa daban, uba daban, ya ga yadda kowannensu ke zama da yaron, ya duba takardun makaranta da na asibiti.

Sai ɓangare na biyu na tambayarka. A'a, maganar masani shaida ce kawai. Lauyoyi na da ikon yi masa tambayoyin ƙure, alƙali kuma yana iya karɓa ko ya ajiye. Kuma ba kowace rabuwa ake kiransa ba, yawancin iyaye sukan sasanta tun kafin a kai nan. Ita wannan ƙa'ida ta sa maslahar yaro a gaba ta shigo dokar aure ta tarayyar Nijeriya ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, da kuma dokar haƙƙin yara ta 2003.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaida mutanen Dawanau.