Hasbiya a Bakin Inji: Tsohuwar Gardamar Filin Jirgi

Mutanen Janfalan, da na Makarfi, da na ƙauyukan Kudan, suna zaune ne tsakanin manyan gidajen jirgin sama biyu. Kudu maso yamma da su akwai Zariya, inda aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a 1964. Ta arewa kuma ga Kano, inda jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka ranar 1 ga Nuwamba, 1925, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin jirgin sama a Nijeriya. Sai dai sararin da jiragen suka shigo yana da masu shi tun fil azal: shirwa, ungulu, balbela, hasbiya, da shamuwa mai zuwa da albishir ɗin damina.

Jiragen farko masu farfela ne, gudunsu bai taka kara ya karya ba, tsuntsu na iya kauce musu. Duk da haka a 1912 wani tsuntsun teku ya maƙale a wayoyin sarrafa jirgin Cal Rodgers a gaɓar Long Beach ta Amurka, jirgin ya faɗi, ya mutu. Zuwan injin jet ne ya mai da lamarin babba, domin shi wannan inji da zuƙar iska yake rayuwa. Ƙatuwar fanka ce a bakinsa, a bayanta akwai jerin ƙananan fankoki masu matse iskar, sannan ɗakin da ake cakuɗa ta da mai a kunna wuta. Idan tsuntsu ya faɗa ciki, ruwan fanka kan lanƙwashe ko ya karye, gutsattsarin su bi ta ciki suna ɓarna. Iska ta daina tafiya daidai, inji ya shiga tari da ƙara kamar harbi, wuta na fita ta baya. Wani injin yakan farfaɗo idan an rage masa wuta, wani kuwa shi ke nan. A nan gardama take samo asali: tsuntsun ne ya kashe inji, ko abin da aka yi bayan shigarsa?

Wani lokaci amsar ba ta da wuya. Ranar 15 ga Satumba, 1988, jirgin Ethiopian Airlines ƙirar Boeing 737 ya ɗaga daga Bahir Dar, a bakin tafkin Tana, zai tafi Asmara da mutum 104. Yana cikin tashi ya afka wa garken hasbiya, irin wadda ke kwana a kan giginya da rufin gidaje a ƙasar Hausa. Injina biyun duka suka haɗiye tsuntsaye. Matuƙan sun juyo da niyyar komawa fili, amma injinan suka mutu kafin su kai, suka kwantar da jirgin a wani fage, ya kama da wuta. Mutum 35 suka rasu.

A Kano kuwa an ga yadda inji ke shaƙewa ba tare da gashin tsuntsu ko ɗaya ba. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga Filin Jirgin Malam Aminu Kano zai tafi Legas. Bai yi nisa ba ya rikito a kan gidajen unguwar Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasa rayukansu, na cikin jirgi da na cikin gida, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Tun ba a gama zaƙulo gawarwaki ba gari ya yanke hukunci cewa tsufan jirgi ne, gwamnatin tarayya kuma ta dakatar da wannan ƙira, ta kafa dokar hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22.

Da masu bincike suka bi sawu, sai labari ya ƙara faɗi. Jirgin ya cinye titin tashi kakaf bai ɗaga ba, ya zarce cikin turɓaya, ya tayar da ƙura, injinan suka zuƙe ta. Ga kuma zafin watan Mayu. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ma sai an ƙara gudu kafin ya ɗauki nauyi. Abin da ya hana rufe maganar shi ne na'urar naɗar bayanan tafiya ba ta ɗauki komai game da wannan tashi ba. A wancan zamani ma'aikatar sufurin jiragen sama ce ke binciken haɗari da kanta. Dokar 2006 ce ta kafa hukumar bincike mai zaman kanta, wadda a 2022 aka faɗaɗa ta koma NSIB.

Ko inda kowa ya tsira, ba a rasa ja-in-ja. Ranar 15 ga Janairu, 2009, jirgin US Airways ƙirar Airbus A320 ya yi karo da manyan agwagin daji masu kama da ɗinya jim kaɗan bayan tashi daga filin LaGuardia na birnin New York. Injina biyu suka mutu, Kyaftin Chesley Sullenberger ya sauke jirgin a kan kogin Hudson, mutum 155 suka fita da ransu. Sai aka tayar da tambaya: da ya juya nan take, ba zai kai fili ba? An gwada a na'urar koyon tuƙi, wasu matuƙa suka kai. Da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane abin da ya same shi, sai gwajin ya gaza.

Mafi zafin wannan gardama ita ce ta Muan, a Koriya ta Kudu. Ranar 29 ga Disamba, 2024, jirgin Jeju Air ƙirar Boeing 737 da ya taso daga Bankok ya sauka a kan cikinsa, ya zarce ya daki wani ginin kankare a ƙarshen titi. Cikin mutum 181, biyu kaɗai suka rayu. An sami gashi da jinin wata ƙaramar agwagwar ruwa a injinan biyu, amma akwatunan naɗar bayanai sun tsaya kimanin minti huɗu kafin haɗarin. A watan Yulin 2025 masu bincike suka shaida wa iyalan mamatan cewa matuƙan sun kashe injin hagu, alhali na dama ne ya fi lalacewa. Iyalai da ƙungiyar matuƙa suka yi fatali da wannan bayani. A ganinsu ana neman ɗora laifi a kan waɗanda ba su da bakin kare kansu, a manta da kankaren da bai kamata a gina shi a wurin ba.

Kano ta tsallake rijiya da baya a watan Mayun 2021, lokacin da jirgin Max Air mai zuwa Abuja, ɗauke da Sarkin Kano na lokacin, Aminu Ado Bayero, ya juyo ya sauka lafiya bayan tsuntsu ya shiga injinsa. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne ya iya tashi da sauka da guda ɗaya, shi ya sa yawancin irin wannan karo ke ƙarewa da jinkiri da kuɗin gyara kawai.

Maganin da filayen jirgi ke amfani da shi ba baƙo ba ne ga manomin Janfalan. Idan gero ko dawa ta fara nuna, yaro kan hau rumfa a tsakiyar gona, igiyoyi sun ratsa ko'ina an rataya musu gwangwanaye, yana ja suna ƙara, majajjawa na hannunsa yana jiran garken jan-baki. Manomi ya san mutum-mutumi kwana kaɗan yake ba da tsoro, daga nan hankaka ya sauka a kansa. Ma'aikatan hukumar kula da filayen jirgin sama, FAAN, masu korar tsuntsaye ma da wannan suke fama: bindigar gas mai ƙara da harsashin tartsatsi suna aiki ne har zuwa ranar da tsuntsu ya saba. Idan an yanke ciyawar gefen titi, balbela ta biyo ƙwari. Idan ruwan farko ya sauka shinge ya fito, shirwa ta cika sama.

Saboda haka hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a riƙa sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsu a da'irar kilomita 13 daga fili: juji, mayanka, kududdufi, gonar hatsi. A Kano wannan da'ira ta haɗiye Fagge, Sabon Gari, Kurna, Gwammaja da tsohon birni, wuraren da kwashe shara da kula da mayanka ke hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, ba hannun masu filin jirgi ba.