Tarihin Zana Sheƙin Kurom a Kwamfuta da Shafukan Intanet

Kurom shi ne farin ƙarfen nan mai sheƙi kamar madubi da ake lulluɓe bambar mota da salansar babur da kan famfo da shi. Masanin sinadarai na Faransa, Louis Nicolas Vauquelin, ya gano shi a 1797, amma sai a shekarun 1920 aka ƙware wajen shafa shi a jikin wasu ƙarafa ta hanyar lantarki. Zuwa shekarun 1950 motocin Amurka sun cika da shi, har ya zama alamar zamani da wadata. Zana shi kuwa akwai wuya, domin duk abin da ido ke gani a jikinsa na abubuwan da ke kewaye da shi ne. Mai son zana kurom dole ya zana sama da ƙasa da fitilu, a lanƙwashe bisa siffar abin.

Masu zanen talla da bangon faifan waƙa na shekarun 1970 da 1980, waɗanda ke aiki da ƙaramar na'urar fesa fenti, su suka tsayar da ƙa'idar da ake bi har yau. Sukan raba harafi gida biyu. Rabin sama a fesa masa shuɗi mai dusashewa zuwa fari, a madadin sararin samaniya. A tsakiya a ja baƙin layi mai kaifi, wato inda sama ta haɗu da ƙasa. Rabin ƙasa a ba shi ruwan ƙasa mai komawa fari, sannan a ɗiga farin haske a kusurwoyi. Hajime Sorayama na Japan ya yi suna da zanen mutum-mutumin ƙarfe mai irin wannan ƙyalli.

A fannin kwamfuta, Jim Blinn da Martin Newell na Jami'ar Utah sun fito da dabara a 1976. Ana ajiye hoton muhalli guda ɗaya, sai kwamfuta ta lissafa inda haske zai karkata daga kowane ɗigo na jikin abin, ta ɗauko launin da ke wurin ta ɗora masa. Da hoton butar shayi suka gwada ta. A 1980 Turner Whitted na Bell Labs ya bayyana hanyar bin sawun haske daga abu zuwa abu, wadda ta fi daidai amma takan cinye fiye da sa'a guda kan hoto ɗaya. Saboda haka dabarar farko ta ci gaba da rinjaye, musamman bayan Ned Greene ya kawo tsarin hotuna shida masu kewaye abu ta kowace fuska a 1986. Jama'a sun ga sakamakon a fim ɗin Terminator 2 na 1991, inda kamfanin Industrial Light & Magic ya ƙera mutum na narkakken ƙarfe.

Fitowar Photoshop a 1990 ta kai aikin hannun ƙananan masu zane. Sukan yi rubutu da launin toka, su ba shi tudu, sannan su lanƙwasa layin haske na kayan aikin Curves sama da ƙasa sau da yawa, har fari da baƙi su riƙa bin juna a jikin harafin. Sigar 1994 ta ba da damar jera zane hawa-hawa, ta 1998 kuma ta sauƙaƙa yin tudu da inuwa.

Intanet ta farko ba ta yi wa kurom daɗi ba. Hoton GIF ba ya wuce launi 256, kuma launi 216 kaɗai aka amince za su fito iri ɗaya a kowace kwamfuta, don haka sheƙin da ya kamata ya sulale a hankali sai ya fito layi-layi. JPEG yana ɗaukar launi da yawa, sai dai yana ɓata kaifin baki, kuma ba ya barin bayan hoto a buɗe. PNG na 1996 ya magance duka biyun, amma Internet Explorer bai karɓe shi sosai ba sai a sigarsa ta 7, a 2006. Duk da haka tambura da maɓallai masu ƙyalli sun mamaye shafuka, musamman bayan Apple ya fito da salon Aqua a 2000. A 2008 injin burauza na WebKit ya fara ba da damar rubuta sulalewar launi da CSS, ba tare da ɗora hoto ba.

Yayi ya juya da fitowar Windows 8 a 2012 da iOS 7 a 2013, aka koma zane shimfiɗaɗɗe marar ƙyalli. Amma a daidai lokacin fasahar tana ƙara ƙarfi. WebGL na 2011 ya ba shafi damar amfani da katin hoto na na'ura, sai dabarar Blinn da Newell ta shigo burauza, sheƙin yana motsi yayin da ake juya abin. Aka haɗa dabarar da aikin Paul Debevec na 1998, na ɗaukar hasken wuri na gaske ta hanyar hoton ƙwallon madubi. Tsarin glTF 2.0 na 2017 ya taƙaita lamarin zuwa ma'auni biyu, kowanne daga 0 zuwa 1: yawan ƙarfe da yawan kaushi. Ƙarfe a 1, kaushi kusa da 0, shi ne kurom.

A shekarun 2020 salon ya dawo a tambura da fastoci, ana kwaikwayon yayin shekarar 2000. Kayan aiki sun canza daga fenti zuwa lissafi, amma sharaɗin yana nan: kurom na bukatar muhalli mai fari da baƙi masu kaifin iyaka. Idan aka hana shi abin da zai ɗauka a jikinsa, kusan baƙi ƙirin yake fitowa a allo.