Tarihin Makarantun Gwamnati a Birnin Kano

Da yawa cikinku kun taɓa zuwa Kano, ko don fatauci, ko don neman magani, ko don ziyarar dangi. Wanda bai je ba ma ya ji labarinta. Ga labarin yadda makarantun gwamnati suka fara a wannan birni, gama rubutun boko da kuke karantawa yanzu yana da tushe a can.

Tun kafin zuwan Turawa, Kano garin karatu ne. Kowace unguwa tana da makarantar allo, manyan malamai kuwa suna koyar da littattafan Larabci a zaurukansu. Hausa ma ana rubuta ta da ajami.

A shekara ta 1900 wata ƙungiyar mishan ta Ingila, Bishop Tugwell yana gaba, ta iso Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. A 1903 sojojin Ingila suka ci birnin. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba zai taɓa addininsu ba, saboda haka aka hana 'yan mishan buɗe makaranta cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. A kudancin Nijeriya mishan ne ya ɗauki yawancin nauyin ilmi, amma a Kano nauyin ya faɗa a wuyan gwamnati da En'e.

Mutumin da aka danƙa wa aikin shi ne Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel a ƙasar Suwizalan. Da fari ya zo ne a matsayin ɗan mishan, daga baya ya shiga aikin gwamnati. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno. Ya iya Hausa ƙwarai, har mutane suka sa masa suna Ɗan Hausa. Kafin ya fara aiki ya zaga Masar da Sudan, ya duba yadda ake tafiyar da makarantunsu. A 1909, zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar birni.

Ɗan Hausa ya soma da manya tukuna. Ya tara malaman da suka riga sun yi karatun Larabci, ya koya musu rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, domin su zama masu koyarwa. Sa'an nan aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da ajin sana'a inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci. Da Hausa ake koyarwa. Yara suna sa rigunansu na gida, suna cin abincin da suka saba, malamansu suna koya musu addininsu. A 1912 ya buga ƙa'idodin rubutun Hausa da boko, waɗanda suka zama harsashin rubutun da muke bi.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka, hanyar dabam ce. Yaron Damagaram ko na Maraɗi, ranar da ya shiga lakwal, da Faransanci ake yi masa magana, ko da shi ke bai san ko kalma ɗaya ba. Sai a 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a makarantar gwamnati, a Damagaram.

Duk da haka mutanen Kano ba su karɓi abin da sauri ba. Iyaye suna tsoro kada boko ya raba yaro da addininsa da ladabinsa. Ana ba da labari cewa waɗansu hakimai, da aka ce su kawo 'ya'yansu, sai suka aiko da 'ya'yan barorinsu. Gwamnati kuma ba ta yi niyyar koya wa kowa ba. Abin da take so shi ne magatakarda da malaman haraji da ma'aikatan baitulmali, kaɗan masu isa aikin mulki. Ɗan talaka na ƙauye ba a yi lissafi da shi ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi daga kudu suka zauna a Sabon Gari, suka gina majami'u da makarantunsu. Ta haka gari ɗaya ya kasance da ilmi iri biyu: a Sabon Gari yara da yawa suna koyon Ingilishi, a cikin birni kuwa 'yan kaɗan ne suke zuwa elementare. Wannan rata ta daɗe, ta kuwa jawo ɓacin rai daga baya sa'ad da aka zo rabon aikin ofis.

Zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953, ƙofa ta ƙara buɗewa. Aka kafa Midil ta Kano, wadda ake kira Kwalejin Rumfa yanzu. Yaron da ya yi fice a can akan aika shi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai, ita ce kuwa ta zama Barewa a Zariya. A 1930 aka fara ajin 'yan mata, aka sa shi kusa da idon Sarki don hankalin iyaye ya kwanta. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, a 1947 kuma ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Cikin wannan makaranta aka fara wani sashe a 1960, wanda ya zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ya zama Jami'ar Bayero a 1977.

Babban canji ya zo a watan Satumba na 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Yara suka kwararo fiye da yadda aka zata. Aka gina azuzuwa da gaggawa, aka ɗauki malamai da gaggawa, waɗansu ba su gama nasu horon ba. Da kuɗin mai ya ragu cikin shekarun 1980, albashi ya riƙa makara, gine-gine suka lalace, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Amma inda aka shirya sosai an ga amfani. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda Jihar Kano ta kafa a 1977, an zaɓar musu malamai da kayan aiki, sun kuwa fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa.

A 2019 gwamnatin jihar ta sake shelar ilmi kyauta kuma dole, a 2024 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, saboda cunkoson azuzuwa da ƙarancin malamai da yawan yaran da ba su zuwa makaranta.

Ɗan Hausa ya shirya malamai kafin ya kira yara, ya koyar da harshen da yaro ya tashi da shi, amma ya bar yawancin yara a waje. Shirin 1976 ya kira dukan yara, malamai ba su isa ba. Gari yana bukatar duka biyu, ko Kano ne, ko Maraɗi, ko Garwa, ko Kumasi.

Saboda haka, 'yan'uwa, ku aika da 'ya'yanku makaranta, maza da mata. Ku je ku ga ajin da idonku, ku san malamin, ku girmama shi. In da wani saurayi ko budurwa a cikinku mai kaifin hankali da haƙuri, ku ƙarfafa shi ya koyi aikin malanta. Da dare kuma ku sa yaro ya karanta muku abin da ya koya, da Hausa, don ku tabbata ya gane.