Boswaja a Ƙasar Yako: Motar da Ba Ta Shan Ruwa da Kanikawan da Suka Riƙe Ta

Duk wanda ya yi wayo a Yako ko Kiru ko Bebeji cikin shekarun 1970 yakan gane Boswaja tun bai hango ƙurarta ba. Ƙararta daban take, daga baya take fitowa, tana kaɗawa a hankali. In aka ji ta shigo gari, an san ɗayan uku ne: hedimasta, ko malamin gona, ko malamin asibiti. Yau sai ka yi tafiya daga Kwanar Ɗangora har Doguwa ba ka haɗu da ko ɗaya a kan titi ba. Amma motocin suna nan jibge a bayan gidaje da kangwaye. Abin da ke ƙarewa da sauri shi ne mutanen da suka san cikinta, kuma tarihinsu ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Asalin motar daga Jamus ne. A 1934 gwamnatin Hitler ta ba injiniya Ferdinand Porsche aikin ƙera mota mai araha wadda talaka zai iya saye, a 1938 kuma aka aza harsashin masana'antarta a wurin da ake kira Wolfsburg a yau. Yaƙin Duniya na Biyu ya tare hanya, masana'antar ta koma ƙera motocin soja, talakan da aka yi wa alkawari bai ga mota ba. Bayan yaƙi, a 1945, wani hafsan sojan Ingila mai suna Ivan Hirst ya tashi aikin daga cikin kufai. Daga nan sai Allah ya sa wa abin albarka. A 1955 aka cika miliyan ɗaya. A 1972 Volkswagen Beetle, wato Boswaja, ta wuce Ford Model T, ta zama motar da aka fi ƙerawa a duniya. Ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko ran 30 ga Yulin 2003, bayan an ƙera sama da miliyan 21 da rabi.

A Najeriya, kamfanin Mandilas ne ya yi suna wajen shigo da ita tun kafin samun 'yancin kai. Amma yaɗuwarta ta gaske sai a 1975, shekarar da kamfanin Volkswagen of Nigeria ya fara harhaɗa ta a Ojo, kan hanyar Badagry a Legas. A shekarar ce kuma Peugeot, wato Fijo, ta fara fitowa daga Kakuri a Kaduna. Abin ya zo daidai da kuɗin Udoji, lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi har da biyan na baya, ga kuma bashin mota da gwamnati ke ba su. Manyan ma'aikata suka nufi Fijo 504, matsakaita suka rungumi Boswaja. Daga Ojo ɗin ne kuma aka fito da wata mota mai suna Igala, wadda ita ma injinta na baya yake, iska ke sanyaya shi, ƙirarta kuwa daga Burazil aka kawo.

Mu a kudancin Kano, lokacin ya zo mana da sauyi babba. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, ga tafkin Bagauda da otal ɗinsa, ga noman rani da ya buɗe a Kadawa. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka bazu a ƙauyuka, malamai suka yawaita. Ma'aikatan nan duk suna bukatar abin hawa, hanyoyinmu kuwa in ka sauka daga babban titin Kano zuwa Zariya, ƙura ce da rani, taɓo ne da damina.

A nan Boswaja ta nuna halinta. Ba ta da lagireto, balle ya tafasa ko ya huje a tsakiyar dajin Falgore, inda babu mai ba ka ruwa. Fanka ce ke hura iska a kan silindoji huɗu da ke kwance, biyu dama biyu hagu. Nauyin inji yana kan tayoyin baya, shi ya sa take fita daga taɓon da ke riƙe motocin da suka fi ta girma. Cikinta ta ƙasa a shafe yake, ba abin da ke lilo da dutse zai fizge a hanyar Riruwai. Matatar iskarta ma da baƙin mai take aiki, ƙurar hunturu ta faɗa ciki ta maƙale, a wanke a sake zubawa, ba sai an sayi sabuwa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne saukin gyara. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana da gareji a gindin wata ɗorawa kusa da Kwanar Ɗangora, kuma a can nake yin hutun makaranta ina miƙa sufana. Ba rami, ba na'urar ɗaga mota. Kusoshi huɗu ne ke riƙe da injin a jikin giya. In za a sauke shi, sai a cire wayoyi da tiyon fetur da wayar totur, a tallafe shi da jak, a ja baya, sannan yara su ɗaga bayan motar a zaro shi. Da hantsi ake saukewa, kafin la'asar an mayar. Kayan aikin Kawu duka a akwatin ƙarfe ɗaya suke: sufanu, sukundireba, filaya, ma'aunin bawul mai sirara-siraran ƙarafa, da wani ɗan ƙwan fitila mai waya biyu da yake saita wuta da shi.

Sana'ar tana da tsarinta. Uba ne ke kawo yaro da goro ya danƙa wa maigida. Shekarar farko wankin kusoshi da kananzir ne da aike. Sai yaro ya iya bambance sufana da ido kafin a bar shi ya taɓa fulogi, sai ya iya sauraren inji kafin a bar shi ya buɗe kafireto. Kawu yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya faɗa maka bawul ɗin da ke kuka. Ran da yaro ya sauke inji ya haɗa shi da kansa ya tashi, ran nan ake fara maganar yaye shi, a yi addu'a, a raba goro, maigida ya ba shi 'yan kayan aiki ya je ya kafa nasa. Ta haka garejin gindin ɗorawa ya haifi wasu a Tudun Wada da Kiru.

Faɗuwar ta fara ne daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta karye. Kayan da ake harhaɗa motar da su daga waje suke zuwa, sai farashin sabuwa ya fi ƙarfin ma'aikaci, aikin Ojo ya yi ta ja da baya har ya durƙushe. Motocin gwanjo na Kwatano suka cika kasuwa, Golf da ƙananan motocin Japan suka karɓe haya, baburan Caina suka karɓe ƙauye. Kanikawan Boswaja wasu suka koma Golf, wasu injin ban ruwa, wasu gona. Motocin da aka jingine kuwa kaji suka gaje su, 'yan gwangwan suka saye kawunan injin, da yake na alminiyom ne, aka narkar aka yi tukwane.

Bara na sayi ɗaya a wajen magadan wani tsohon malami a ƙasar Tudun Wada. Sitiyarinta a hagu yake, alamar ta zo bayan 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama. Na jawo ta zuwa wurin wani dattijo da ya koyi aiki a hannun Kawu, wanda tun ina yaro Yaya nake ce masa. Na zo da sabon batir a hannu, na ce, “Yaya, mu gwada ko za ta tashi.” Ya karɓi batir ɗin ya ajiye gefe, ya ce, “Malam, motar da ta yi shekaru a kwance ba a tashinta da makulli. Da hannu ake fara gaishe ta.” Tsarin da ya bi shi ne na Kawu, kuma zan zayyana shi don amfanin duk wanda ya samu irinta.

Da farko ya cire fulogogi, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya juya babban fule da hannu don ya tabbatar injin bai daskare ba. Sannan ya kama fulen ya tura ciki ya jawo waje. In ya yi wasa har ana jin ƙwas-ƙwas, cikin injin ya ci, sai an buɗe. Tawa ta yi shiru, muka yi hamdala. Ya zubar da tsohon baƙin mai, ya kwance faifan da ke ƙarƙashi ya wanke rariyar ciki, domin wannan inji ba shi da matatar mai irin ta motocin yanzu. Lita biyu da rabi kawai yake sha, kuma man nan shi ke taya iska sanyaya shi, don haka ake canza shi duk kilomita 5,000, a ƙurarmu ma kafin haka.

Daga nan sai fetur. Tankin a gaba yake, aka sauke aka wanke tsatsa, aka canza kowane tiyo ko da ya yi kyau a ido. Yaya ya ce yawancin Boswajar da ya ga ta ƙone, tsohon tiyo ne ya tsage ya fesa fetur a kan inji mai zafi. Wuta ta biyu kuma daga ƙarƙashin kujerar baya take tasowa, inda batir yake: in ba a rufe kansa ba, mutum mai nauyi ya zauna, ƙarafan kujera su taɓa shi.

Saitin inji yana da jeri, ba a tsallake shi. Bawul ne farko, kuma da sassafe, injin yana sanyi ƙalau, a bar tazarar milimita 0.15. In bawul ya matse, zafi ba ya fita, a hankali ya ƙone, musamman na silinda ta uku da ta yi suna wajen ɗaukar zafi. Sai kwantak, a buɗe bakinsa milimita 0.4. Sai fulogi. Sai a saita lokacin wuta da alamar da ke jikin fule, a tabbatar wayoyi sun bi jerin 1-4-3-2. Kafireto ne na ƙarshe. Yaya ya ce sabon yaro da ya ji inji na shaƙewa kafireto yake fara murɗawa, alhali laifin yana wajen bawul ko wuta.

Abin da ya fi daɗewa a kai shi ne hanyar iska. Ya sa hannu a bayan gidan fanka ya zaro sheƙar ɓera guda, da tsumma da ɓawon gyaɗa. Ya nemo duk gwangwanayen da ke lulluɓe da injin, ya mayar da waɗanda aka yar, ya sa sabuwar roba a kewayen ɗakin injin don kada zafin salansa ya dawo fanka ta sake shaƙa. Fambel ɗaya ke juya dinamo da fanka tare, ana ɗaure shi ta hanyar rage wasoshin da ke tsakanin ɓarin fulen sama. Ya gargaɗe ni: in jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take, domin in bel ɗin ne ya tsinke, fanka ta tsaya ke nan, cikin 'yan mintoci inji zai buga.

Sai da aka gama birki na ƙafa huɗu, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen daɓen da ke ƙarƙashin batir ya sa sabo, sannan Yaya ya yarda a yi maganar fenti. Kayan gyara kuwa ba su gagara ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano har yanzu akwai dattawan da in ka ambaci Boswaja za su shiga lungun shago su fito maka da kwantak ko kayan birki, yawanci ƙirar Burazil ko Meziko. Abin da ya ɓace a can, akan aika Ladipo a Legas.

Da motar ta tashi, yaran garejin suka bar Golf ɗin da suke kai suka kewaye ta. A cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe ma'aunin bawul, domin motocin da suka taso a cikinsu kwamfuta ake jona musu ta faɗi abin da za a cire a sa sabo. Ban raina wannan ilimi ba, zamaninsa ne. Amma a injin Boswaja komai a fili yake: yaro zai ga inda fetur ke shiga, inda wuta ke haɗuwa da shi, inda zafi ke fita. Wanda ya fahimci wannan, injin ban ruwa da janareta da babur ba za su ba shi wuya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka ina kira ga masu irin wannan mota a gida da kada su auna ta a sikelin 'yan gwangwan, su nemi mai so su sayar masa, ko su tashe ta. Makarantun koyon sana'a na jiharmu su ajiye ko da inji ɗaya a ɗakin aiki, su gayyato tsofaffin kanikawa su koyar, a biya su haƙƙinsu. Ku kuma samarin gareji na Yako da Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ku nemi dattawan nan tun suna iya riƙe sufana, ku durƙusa ku tambaye su. Kayan gyara ana iya aikowa da su daga Burazil, amma kunnen da ke jin kukan bawul sai a wajensu za ku same shi.