Kufan Durɓi ta Kusheyi da Alhakin Kula da Kufai a Jihar Katsina

Gabatarwa

A Jihar Katsina akwai kufai da dama, wato wuraren da a da suke garuruwa ne cike da jama'a, amma a yau sai gonaki da tuddai da tsofaffin kukoki. Mafi shahara daga cikinsu shi ne Durɓi ta Kusheyi. Mun kawo bayaninsa ne domin jama'armu, musamman mazauna karkara da shugabanninsu, su san darajar abin da ke kwance a ƙarƙashin irin waɗannan wurare.

Inda wurin yake

Durɓi ta Kusheyi tana cikin Ƙaramar Hukumar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina. Abin da ido ke iya gani a yau shi ne wasu tuddai na ƙasa manya da ƙanana, waɗanda kaburburan sarakuna ne, sai kuma filin da aka ce nan ne gidan sarki yake. Ginin gidan da na sauran gari duk sun rushe sun koma ƙasa, domin da laka aka gina su.

Tarihi

Bisa tarihin baka, a nan ne Durɓawa suka yi mulki kafin a kafa sarauta a birnin Katsina. Ana lissafa Kumayau a matsayin na farkonsu, Sanau kuma na ƙarshe, wanda aka ce Korau ya kayar da shi a kokawa, ya karɓe mulki. Bayan mulki ya koma Katsina, sai garin ya riƙa raguwa har ya zama kufai. Sunan dai bai ɓace ba, domin har yanzu Durɓi na cikin masu zaɓen Sarkin Katsina.

Binciken da aka gudanar

A shekarar 1907, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Palmer ya haƙa wasu daga cikin tuddan. A 1959 gwamnati ta sanya tuddan da Kukar Katsi da filin tsohon gidan sarki cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 1992 masana daga Nijeriya da Jamus suka sake haƙa tuddai uku, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su.

An samu kayan ado na zinariya, da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da wani kwanon ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Bincike ya nuna an yi waɗannan kaburbura ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wannan shaida ce cewa tun a wancan zamani ƙasar Katsina tana hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa ta hanyar Sahara.

Barazanar da kufai ke fuskanta

Masana sun iya faɗin shekarun waɗannan kaya ne saboda sun same su a inda aka binne su. Duk abin da aka tono a ɓoye aka sayar, labarinsa ya tafi ke nan. Haka kuma ɗibar ƙasa don yin bulo, da zaizayar ruwa, da noma a kan tuddai, suna shafe kufai sannu a hankali.

Garuruwan kan iyaka irin su Mazanya da Magama a Ƙaramar Hukumar Jibiya suna da alhaki na musamman, ganin cewa ta yankinsu ne hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa. Kayan tarihi in suka tsallake iyaka, dawo da su abu ne mai wuya ƙwarai.

Abin da doka ta tanada

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa wuraren tarihi, ko fitar da kayan tarihi daga Nijeriya, ba tare da izinin hukumar ba.

Don haka muna kira ga duk wanda ya ci karo da tsofaffin tukwane, ko ƙasusuwa, ko kayan ƙarfe a gona ko wurin gini, da ya dakatar da aiki, ya bar su a inda suke, ya sanar da mai unguwa. Mai unguwa zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, su kuma su sanar da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Katsina. Muna kuma roƙon dagatai da su rubuta sunayen kufan da ke ƙasarsu tare da abin da dattawa suka sani a kansu, tun masu sanin suna raye.