Daga ƙahon wanzami zuwa allurar yatsa

A Illela, bakin iyaka da Birnin Konni, tun kafin a san asibiti wanzami ne ke kula da ciwon gaɓa: ya tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙe jini. Amma akwai ciwon da ƙaho bai isa gare shi ba, wato yatsa ya lanƙwashe ya maƙale, sai an ja shi ya miƙe da ƙas. Likitan Faransa Alphonse Notta ya bayyana shi a 1850. Jijiyar da ke tanƙwara yatsa tana ratsa wani matsattsen zobe a tafin hannu, daidai gindin yatsan. Zoben ya yi kauri, ita kuma ta cije. Tsawon ƙarni guda maganinsa ɗauri ne ko tiyata. A 1948 Philip Hench ya fara gwada maganin kotizon a Amurka, zuwa 1953 aka soma zuba danginsa cikin kuben jijiyar.

Wannan tarihi ya nuna cewa gwanintar tana ga sanin wurin da tsinin allura zai tsaya. Wani zai ce zuwa wurin likita a Sakkwato da nisa, ga mai kemis kusa, ga magani yana tsallako iyaka da araha. Uzurin talaka ne, ban raina shi ba. Sai dai in ruwan allurar ya shiga tsakiyar jijiya yana raunana ta, maimaitawa na iya tsinke ta, kuma mai ciwon suga, wanda ciwon yatsan ya fi kamawa, sugansa kan hau kwanaki bayan allurar. Lasisin mai kemis a Najeriya ma bai ba shi izinin yin allura ba.